Tagwayen Lambobi Da Malam Zhang

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla tamu rabonsu da lissafi tun ranar da suka fito daga ɗakin jarrabawar ƙarshe ta sakandare, wasu ma har sun yi alwashin ba su ba shi har abada. To, ina roƙon arziki a ara mini kunne, domin lissafin da zan kawo a nan bai wuce tarawa da rabawa ba. Abin da nake so in yi magana a kai shi ne rayuwar wani malamin jami'a, mutumin ƙasar Sin, mai suna Yitang Zhang, da aikin da ya yi a kan lambobi, wanda ya sa sunansa ya zaga duniya a 2013. Labarinsa ya zo mini ta bakin mutane da dama, kuma kusan kowa ya ba ni shi kamar tatsuniya: wai wani mai sayar da burodi ne a Amurka ya kwana ya tashi ya warware matsalar da ta gagari shaihunan malamai shekara da shekaru. Ni kuwa da na zauna na bi diddigin abin, sai na tarar labarin gaskiyar ya fi tatsuniyar daɗi, ya kuma fi ta ɗaci.

Bari mu fara da lambobin kansu. A ce an ba ka goro 12 ka raba wa mutane daidai wa daida, ba tare da ka fasa ko ɗaya ba. Kana iya raba wa mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida. Idan goron 13 ne fa? Sai dai ka ba mutum ɗaya duka, ko ka nemo mutum 13 kowa ya ɗauki ɗai-ɗai. Irin waɗannan lambobi, watau 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19 da 'yan'uwansu, su zan kira gagara-raba a wannan rubutu. Duk wata lamba da ka sani da su aka gina ta: 12 ita ce 2 sau 2 sau 3, 91 kuma 7 sau 13. Su ne tubali, sauran lambobi gini ne.

Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Iƙlidis na Iskandariya ya nuna cewa ba su da ƙarshe, kuma hujjarsa ba ta fi a faɗe ta a zaure ba. A ce wani ya zo ya ce ga su nan duka ya tattara, babu saura. Sai ka ninka su gaba ɗaya, wannan sau wancan, ka ƙara 1 a kan abin da ya fito. Sabuwar lambar nan, da duk wadda ka raba ta daga cikin jerin nasa, sai 1 ya yi saura. Ke nan ko dai ita kanta gagara-raba ce, ko kuwa akwai wata mai raba ta wadda ba ta cikin jerin. Ko ta yaya dai jerin bai cika ba.

Sai dai ko da yake ba su ƙarewa, suna ƙaranci. Daga 1 zuwa 100 akwai guda 25, watau ɗaya cikin huɗu. Daga 1 zuwa 1,000 akwai 168. Daga 1 zuwa miliyan ɗaya akwai 78,498, kamar ɗaya cikin 13 ke nan. Abin ya yi kama da mai tafiya daga Zariya ya nufi Agadas: da farko itatuwa ko'ina, yana ƙara yin arewa suna ƙara nisa da juna, har ya kai inda zai daɗe bai ga inuwa ba. A 1896 masana biyu, Hadamard a Faransa da de la Vallée Poussin a Beljiyam, kowa a nasa ɓangaren, suka tabbatar da yadda wannan ƙaranci ke tafiya. A taƙaice, in kana son matsakaicin nisa tsakanin gagara-raba da mai bi mata, ƙirga alƙaluman lambar ka ninka da 2.3. A unguwar lambobi masu alƙaluma 10 nisan kamar 23 ne, a unguwar masu alƙaluma 100 kuwa kamar 230.

To, ga abin mamaki. Cikin wannan sahara sai ka yi ta cin karo da itatuwa biyu dab da juna: 11 da 13, 17 da 19, 29 da 31, 101 da 103. Tsakaninsu 2 kacal. Su ake kira tagwaye, Hassan da Usaini na lambobi. Akwai irinsu 8 ƙasa da 100, akwai 35 ƙasa da 1,000. A 2016 kwamfutoci suka zaƙulo wasu tagwaye da kowannensu ke da alƙaluma 388,342, a unguwar da matsakaicin nisa ya kusa 900,000. Tambayar ita ce, su ma tagwayen ba su ƙarewa, ko kuwa akwai Hassan da Usaini na ƙarshe, waɗanda daga su babu wasu? Wani Bafaranshe, de Polignac, ya rubuta wannan hasashe a 1849, kuma kusan duk masanin lissafi zai ce maka zuciyarsa ta ba shi ba su ƙarewa. Amma a wannan fage abin da zuciya ta ba mutum ba hujja ba ne. Haka nan ko kwamfuta ta samo tagwaye biliyan dubu, ba ta ce komai ba game da abin da ke gaba da inda ta tsaya.

Fannin da ke fama da irin waɗannan tambayoyi shi ne nazarin lambobi ta hanyar awo. Ga abin da nake nufi. Ba wanda ke da dabarar da za ta gaya masa cikin sauƙi inda gagara-raba ta gaba za ta faɗo. Saboda haka sai masana suka koma irin ta mai awon hatsi a kasuwa, wanda ba ya ƙirga ƙwayar gero ɗai-ɗai, sai dai ya sa mudu. Suna ɗauko kayan aikin kalkulas, watau lissafin abubuwa masu gudana da canzawa kamar ruwa da gudu da zafi, su auna lambobi da su a dunƙule. Duk awon da aka yi kuwa kashi biyu yake fitowa: ga kintace, ga kuma ragi ko ƙarin da ke iya biyo shi. Sana'ar baki ɗayanta, in ka tambaye ni, ita ce nuna cewa ragi ko ƙarin nan bai kai kintacen girma ba. Idan ka ce buhu na cin mudu 40, ƙila da ragi ko ƙarin mudu 2, ka faɗi wani abu. Idan ka ce mudu 40 da ragi ko ƙarin mudu 50, ba ka ce komai ba. Mutum na iya cinye shekara goma yana kokawa da wannan kaɗai.

Wanda ake ɗauka ya buɗe fagen shi ne Dirichlet, Bajamushe, a 1837. Dubi alƙalamin ƙarshe na kowace gagara-raba. In ka cire 2 da 5, duk sauran da 1, ko 3, ko 7, ko 9 suke ƙarewa. Ɗauki waɗannan kamar gidaje huɗu. Dirichlet ya nuna babu gidan da baƙi za su daina shiga, daga baya kuma aka tabbatar cewa in tafiya ta yi nisa kowane gida kashi ɗaya cikin huɗu yake samu. Wannan rabawa da 10 ke nan. Ana iya rabawa da 100, ko 1,000, ko kowace lamba, gidaje su yi ta yawa, sai dai gidaje na yawa tabbatar da adalcin rabon na ƙara wuya. A 1965 Bombieri na Italiya da A. I. Vinogradov na Tarayyar Sobiyet suka nuna cewa, in an duba a jimlace, rabon na tafiya daidai muddin lambar da ake rabawa da ita ba ta wuce rabin alƙaluman lambobin da ake dubawa ba. Watau in lambobi masu alƙaluma 20 kake dubawa, kana da tabbaci har zuwa rabawa da mai alƙaluma 10. A riƙe wannan kalma ta rabi, domin a kanta labarin Malam Zhang ya rataya.

An haifi Zhang a Shanghai a 1955. Yana ɗan shekara 11 juyin juya halin al'adu ya ɓarke a ƙasar Sin, aka rufe makarantu, aka kora masu ilimi ƙauye. Shi ma aka tura shi gona tare da mahaifiyarsa, bai samu ya yi sakandare yadda aka saba ba, daga baya ya yi aiki a wata masana'antar ƙera makullai a Bejin. Sai a 1978, yana da shekara 23, ya shiga Jami'ar Bejin. A shekarar nan ce kuwa sunan wani masanin lambobi, Chen Jingrun, ya cika ƙasar. Chen ne ya tabbatar, a aikin da ya buga cikakke a 1973, cewa akwai gagara-raba ba iyaka waɗanda in ka ƙara musu 2 za ka sami ko dai gagara-raba ko lamba mai tubali biyu kacal. Dab da tagwaye ke nan, amma ba su ba.

Zhang ya yi digiri na farko a 1982, na biyu a 1984 a ƙarƙashin Pan Chengbiao, masanin wannan fanni na awon lambobi. A 1985 ya tafi Jami'ar Purdue a Amurka, inda ya koma wani fanni dabam na aljabara, ya gama digirin dokta a 1991. Daga nan al'amura suka cuɗe. Shi da malamin da ya duba shi ba su rabu da daɗi ba. Shi ya ce bai sami takardar shaida daga malamin ba, malamin kuma ya ce ba a nema ba. Ba ni ne alƙalinsu ba. Abin da ya tabbata shi ne mai digirin dokta ya yi kusan shekara takwas babu aikin jami'a. Ya kai wa mutane abinci gida-gida a New York, ya yi aiki a wani ƙaramin otal a jihar Kentucky, ya riƙe littafin kuɗi a wani shagon Subway, in ciniki ya yi yawa ya sa hannu a haɗa burodi. A nan aka samo mai sayar da burodi na tatsuniya. Abin da tatsuniyar ba ta faɗa shi ne, in ya sami sarari ɗakin karatu na jami'ar da ke kusa yake nufa, ya zauna da mujallun lissafi.

A 1999, da taimakon tsofaffin abokansa na Bejin, aka ɗauke shi laccara a Jami'ar New Hampshire. Shugaban sashen da ya ɗauke shi shi ne Kenneth Appel, wanda shi da Haken suka tabbatar a 1976 cewa launi huɗu sun isa a rina kowace taswira ba tare da ƙasashe biyu masu iyaka da juna sun yi launi ɗaya ba. A lura fa, laccara a can ba irin tamu ba ce, wadda take matakala zuwa farfesa. Aikin koyarwa ne zalla, albashi kaɗan, ba a ma sa ran mutum ya yi bincike. A wannan matsayi ya yi shekara 14 yana koya wa 'yan shekarar farko kalkulas. Abin da ya buga a mujalla a duk tsawon lokacin bai cika yatsun hannu ɗaya ba, ko da yake ɗaya daga ciki, ta 2001, a babbar mujallar lissafi ta Jami'ar Duke ta fito.

Yana cikin wannan hali wasu mutum uku, Goldston Ba'amurke, Pintz ɗan Hangare da Yıldırım ɗan Turkiyya, suka fito da wata sabuwar rariya a 2005. Rariya a lissafi tsohuwar dabara ce: ka jera lambobi, ka soke duk mai rabuwa da 2, sa'an nan mai rabuwa da 3, sa'an nan da 5, abin da ya saura a sama shi ne gagara-raba. Tun 1915 Viggo Brun na Norwe ya fara gyara ta don farautar tagwaye. Rariyar mutum ukun nan ta nuna cewa, komai nisan tafiya, ana samun gagara-raba biyu da suka fi matsakaicin nisa kusa ƙwarai da gaske. Bugu da ƙari suka nuna cewa in da wani zai iya wuce rabin nan na Bombieri da Vinogradov, ko da da silin gashi ne, to da an sami tsayayyar iyaka, watau wata tazara da gagara-raba biyu za su yi ta faɗowa cikinta har abada. Manyan masanan fagen suka gwada, suka ga kamar kayan aikin da ake da su ba za su kai ba. Aka yi shekara takwas ana kallon silin gashin nan.

Zhang ya shiga aikin shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Ya ce hanyar ta buɗe masa ran 3 ga Yuli 2012, ya je baƙunci gidan wani abokinsa a jihar Colorado, yana zagaye cikin lambun gidan yana duban ko barewa za ta ɓullo. Dabarar ita ce ya daina neman tabbaci a kan kowace lambar rabawa, ya tsaya a kan waɗanda aka gina da ƙananan tubali kawai, domin su ana iya farfasa su yadda ake so, kuma sun isa abin da rariyar ke buƙata. Sa'an nan ya ɗauko hanyoyin da Bombieri da Friedlander da Iwaniec suka ƙera a shekarun 1980, ya haɗa da wani gagarumin sakamako na Deligne, wanda daga ɓangaren aljabara ya fito. Da wannan ya wuce rabi da kashi 1 cikin 584. In mu faɗa da alƙaluma, a lambobi masu alƙaluma 1,168 rabi shi ne 584, shi kuwa ya kai 586. Alƙaluma biyu, shi ke nan.

Ran 17 ga Afrilu 2013 ya aika takardarsa zuwa Annals of Mathematics, mujallar da takarda kan shekara a hannun masu tantancewa. Tasa kafin ƙarshen Mayu an karɓe ta. Abin da ta tabbatar shi ne akwai gagara-raba biyu-biyu, ba iyaka, waɗanda tsakaninsu bai kai 70,000,000 ba. Yana da shekara 58. Appel, wanda ya ba shi aiki, ya rasu kwana biyu bayan aika takardar.

Na san wani zai ce, ina 2 ina miliyan 70? Ai wannan ba tagwaye ba ne, ko 'yan gari ɗaya ba su kai ba. Amma a tuna da lissafinmu na 2.3. Da zarar lambobi sun kai alƙaluma miliyan 30 da 'yan kai, matsakaicin nisa ya wuce miliyan 70, daga nan kuma ya yi ta ƙaruwa ba tsayawa, ya kai biliyan, ya wuce. Kafin Zhang ba wanda ya iya kawar da yiwuwar cewa can gaba duk itatuwan za su watse, kowace ta yi nesa da 'yar'uwarta fiye da duk wata tazara da za ka ambata. Daga babu iyaka zuwa akwai iyaka, wannan shi ne tsallen. Girman lambar bai dame shi ba, ya ma faɗa a takardar cewa bai yi ƙoƙarin matse ta ba.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin firamare, da ya taɓa zuwa sashenmu da littafin rubutu cike da lambobi, ya ce ya tabbatar tagwaye ba su ƙarewa. Ya jera su da hannu, shafi bayan shafi, rubutu mai kyau irin na mutanen da, ya ce tun da ba su ƙare a nan ba ba za su ƙare ba. Na girmama himmarsa, har yau kuma ina girmamawa. Amma masu ba da labarin Zhang kamar tatsuniya suna sa mutane su zaci shi ma irin wannan ne, sai dai shi ya yi sa'a. Na ɗauki takardarsa, shafi hamsin da wani abu, na bi 'yan shafukan farko da ƙyar, daga nan ruwa ya fi ƙarfina. Abin da na iya gani dai shi ne babu wani sabon sihiri a ciki. Kayan aikin fagen ne mafi wuya, waɗanda ko cikin ƙwararru 'yan kaɗan suka iya riƙe su, ya ɗauko ya sarrafa kamar wanda ya tashi a maƙerar. Shi ya sa masu tantancewa suka gama da wuri: harshensu ya yi musu, sun kuma ga kowace ƙusa a inda ya kamata. Shekarun da ba a ji ɗuriyarsa ba karatu yake yi.

A nan ne labarin ke taɓa mu, mu da muke cikin jami'a. Duk wanda ya taɓa ganin fom ɗin ƙarin girma ya san abin da ake ƙirgawa: takardu nawa, a mujalla nawa. Da wannan mudu, Zhang na 2012 bai kai a ba shi kujera a taron sashe ba, alhali akwai masu takarda hamsin da ba wanda zai sake buɗe ko ɗaya daga ciki. Duk da haka ba zan ce a jefar da mudun ba, domin mafi yawan waɗanda ba su buga komai ba ba wani abu suke dafawa a ɓoye ba, kuma ba na son malalaci ya ɗauki sunan Zhang ya yi laya da shi. Haka nan ba na jin daɗin masu cewa wahalar ce ta yi shi. Shekara takwas na ƙuruciyar masanin lissafi da suka tafi a kai abinci da riƙe littafin kuɗi asara ce, kuma babu wanda zai biya ta. Lambar yabo ta Fields, wadda ta fi kowace daraja a lissafi, ba a ba wanda ya wuce shekara 40. Shi a shekara 40 ko ofis ba shi da shi.

Bayan fitowar takardar sai abin ya zama rububi. Terence Tao ya jagoranci wata gayya ta masana a intanet, kowa na kawo nasa gyara, cikin 'yan watanni miliyan 70 ta sauko zuwa 4,680. A Nuwamba 2013 wani matashi Baturen Ingila, James Maynard, ɗan shekara 26, ya fito da wata rariya dabam wadda ba ta ma buƙatar wuce rabin, ya kai 600. A 2014 gayyar ta haɗa hanyoyin ta kai 246. Maynard ya sami lambar Fields a 2022. Shi kuwa Zhang, a 2014 aka ɗaga shi daga laccara zuwa farfesa kai tsaye, ya sami kyautar MacArthur, ya kuma raba lambar Cole da mutum ukun nan masu rariya. A 2015 ya koma Jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara.

Ma'anar 246 ita ce, cikin tazarori 123, watau 2, 4, 6, har zuwa 246, akwai aƙalla ɗaya da ke maimaituwa ba iyaka. Wacce ce? Hujjar ba ta faɗa ba. Saukowa zuwa 2 kuma akwai katanga a gaba, wadda Atle Selberg ya nuna tun tsakiyar ƙarni na 20: rariya ba ta iya bambanta lambar da aka gina da tubali ɗaya, ko uku, ko biyar, da wadda aka gina da biyu, ko huɗu, ko shida. Wannan katanga ce ta tsayar da Chen a tubali biyu. Ko da an yarda da mafi ƙarfin hasashen da ake da shi game da rabon gidaje, wannan hanya a 6 take tsayawa.

Zhang bai shiga gayyar matse lambar ba. Ya koma kan wata tsohuwar matsala da ya daɗe yana bi tun kafin tagwaye, wadda ake kira da sunan Landau da Siegel, ita ma a kan adalcin rabon gidajen Dirichlet take. A Nuwamba 2022, yana da shekara 67, ya saki takarda mai shafi 111 a kanta, masana suka duba suka nuna masa wuraren da ke neman gyara.